Suna Ko Aljihu: Wace Makaranta Za A Kai Yaro Bayan Sakandare?

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai



Ba ƙaramin nauyi ba ne mutum ya miƙe yana jawabi alhali waɗanda suka koya masa riƙon alƙalami suna zaune suna saurare. In harshena ya yi tuntuɓe, ga malaminmu na Hausa nan a layin gaba, na kuwa tabbata har yanzu jan bironsa bai bushe ba.

Sakataren ƙungiya ya nemi in yi magana a kan yadda uba zai auna tsakanin tsadar makaranta da sunanta, idan yaro ya gama sakandare ana neman inda za a kai shi. Wataƙila wani ya ce ina ruwan wane da wannan batu, shi da babbar 'yarsa ko firamare ba ta gama ba? To, kowa a nan ya san ma'aikaci a gidajenmu ba 'ya'yan cikinsa kaɗai yake ɗauka ba. Ƙannena biyu suna hannuna, ɗaya yana jami'a, ɗaya tana shirin shiga. Bayan haka kuma, a sashen kula da ma'aikata nake aiki, fayilolin sababbin ɗauka ta teburina suke bi. Na yi shekaru ina duba takardun shaidar mutane daga makarantu iri-iri, masu tsada da masu araha, na gida da na waje, ina kuma ganin yadda masu takardun suke kasancewa bayan sun zauna a kujera. Abin da na gani a wannan tebur shi ne jarina a yau.

Malamanmu ba su sha wannan ciwon kai ba. A zamaninsu jami'a ɗaya ce tak a Arewa, wato Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a Zariya cikin 1962. Sai cikin 1975 aka ƙaro wasu, irin su na Sakkwato da Maiduguri da Jos, Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano kuma ta zama cikakkiyar jami'a cikin 1977. Yaro in ya ci jarrabawa, gwamnati ce ke ɗauke da mafi yawan nauyinsa, abin da ya rage wa uba shi ne addu'a da kuɗin mota. Cikin 1999 ne aka ba jami'o'i uku masu zaman kansu izinin farawa, wato Igbinedion da Babcock da Madonna, dukkansu a kudu. Daga baya abin ya iso mana: Jami'ar Amurka ta Yola da Al-Qalam ta Katsina suka fara cikin 2005, aka yi Nile da Baze a Abuja, aka yi Skyline a Kano cikin 2018, da sauransu da dama. Yau jami'o'i masu zaman kansu sun haura 140, sun fi na tarayya da na jihohi yawa ko da an haɗa su, ko da yake mafi yawan ɗalibai har yanzu a na gwamnati suke. Ga kuma masu kai 'ya'ya Masar da Indiya da Malesiya da Ingila. Wato ilmi ya shiga kasuwa, kasuwa kuwa akwai mai gaskiya a cikinta, akwai dillali.

Bari in fara da abin da na fi sani. Mai digiri na farko, a galibin fannoni, yana shiga aikin gwamnati a mataki na 8. Ko ubansa ya sayar da gona ya kai shi Landan, ko kuwa a ƙafa yake zuwa lacca daga gidansu, matakin ɗaya ne, albashin ɗaya ne. Idan fayil ya zo gabanmu ba ma tambayar nawa aka kashe. Abin da muke dubawa shi ne ko hukuma ta san makarantar, ko ta amince da kwas ɗin da ya karanta, da irin sakamakon da ya fita da shi, da takardar yi wa ƙasa hidima. Daga nan sai jarrabawar ƙarin girma da halin mutum. Na ga wanda ya fito daga makarantar da ake biyan miliyoyi amma ba ya iya tsara wasiƙar shafi ɗaya, na kuma ga wanda ya fito daga irin wannan makaranta ɗin da ya fi kowa a ofis iya aiki. Haka nan ta ɓangaren na gwamnati, akwai gwanaye, akwai 'yan rakiya. Ban taɓa iya duban aikin mutum in faɗi kuɗin makarantarsa ba.

Ba ina cewa suna banza ne ba. Hausawa sun ce suna linzami. Amma ya kamata mu tambayi kanmu daga ina sunan makaranta yake fitowa. Ku dubi Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina cikin 1921, ta koma Kaduna cikin 1938, ta zauna a Zariya daga 1949. Ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Shagari da Gowon da Murtala. Ba tsada ce ta ba ta wannan suna ba. An tace yara ne daga larduna aka zaɓo haziƙai, aka haɗa su da malamai na ƙwarai, aka tsare su da horo. Sunan makaranta, in an bi shi zuwa tushe, ɗalibanta ne da malamanta. Gini da fanka da motar ɗaukar ɗalibai abubuwa ne masu daɗi, sai dai ba su ne ke koyarwa ba.

Akwai wani bincike da wasu masana tattalin arziki biyu 'yan Amurka, Stacy Dale da Alan Krueger, suka buga cikin 2002, suka kuma sake faɗaɗa shi daga baya. Sun bi sawun ɗaliban da ƙwazonsu ya yi daidai, waɗanda manyan jami'o'i suka ba gurbi, wasu suka je, wasu kuma suka zaɓi makarantun da ba su kai waɗancan suna ba. Bayan shekaru sai aka tarar abin da suke samu kusan ɗaya ne. Wato yaron da ya isa babbar makaranta ta ɗauke shi, da ma yana tafe da abinsa. Amma sun sami wani rukuni da sunan makaranta ya amfana ƙwarai, su ne 'ya'yan marasa ƙarfi da waɗanda iyayensu ba su yi karatu mai zurfi ba. Amurka daban, Nijeriya daban, amma ni wannan ya yi daidai da abin da nake gani. Ɗan babban mutum yana da wanda zai buga wa waya ko ina ya yi karatu. Ɗan talaka kuwa abokan ajinsa su ne danginsa na neman aiki. Mu da ke zaune a zauren nan shaida ne, domin da yawa daga cikinmu ta hannun ɗan aji ko wani tsohon ɗalibi muka fara jin labarin gurbin aikin da muke ci yanzu.

To, a nan ne Allah ya yi mana wani sauƙi wanda ba mu cika lura da shi ba. A ƙasarmu suna da tsada ba tare suke tafiya ba. Jami'o'in da suka fi daɗewa, suka fi yawan farfesoshi da tsofaffin ɗalibai a ko'ina cikin ƙasa, irin su Ibadan da aka kafa cikin 1948, da Nsukka da Ife da Legas da Zariya, duk na gwamnatin tarayya ne, suna kuma cikin mafi sauƙin kuɗi. A hukumance ma ba a karɓar kuɗin koyarwa a cikinsu, abin da ake biya na rajista ne da ɗakin kwana da makamantansu. Kuɗin shigarsu na gaskiya maki ne. Bisa ƙa'ida kashi 45 cikin 100 na guraben ana ba da su ne bisa cancanta, kashi 35 ga 'yan yankin da jami'ar take, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani, waɗanda yawancinsu namu ne na Arewa. Saboda haka ni a ganina, uban da ke da 'yan kuɗi kaɗan, wurin da ya fi dacewa ya zuba su shi ne aji huɗu zuwa shida na sakandare: littattafai, da malamin ƙarin darasi na lissafi da Turanci da kimiyya, da koyon amsa jarrabawa a kwamfuta tun kafin ranar JAMB. Naira dubu ɗari da aka kashe a nan tana iya tsare miliyoyi a gaba. Mu kuwa sai mu yi sakaci da yaro shekara shida, in makinsa ya gaza mu fara neman wanda zai sayi fili.

Wani abu kuma, suna ba na jami'a gaba ɗayanta ba ne, na sashe ne. Wanda ya san Zariya ya san abin da ake nufi in an ce aikin gona a Samaru, ko aikin lauya da akanta a Kongo, ko likitanci a Shika. Wanda ya san Bayero ya san matsayinta a aikin jarida da Hausa da Larabci. Jami'a guda tana iya samun sashen da ya yi zarra, a gefensa kuma ga wani da malamansa na dindindin ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Haka abin yake a masu zaman kansu. Akwai irin su Covenant da ke jihar Ogun, wadda ta sha zuwa ta ɗaya a Nijeriya a jerin da Times Higher Education ke fitarwa, akwai kuma waɗanda malamansu na aro ne, sai ƙarshen mako suke zuwa daga jami'ar gwamnati da ke kusa. Ka ga ke nan uba ya biya miliyoyi don ɗansa ya ga malamin da ɗan maƙwabcinsa ke gani kullum a kan kuɗi kaɗan. Shi ma jerin nan na duniya, yawancin abin da yake aunawa bincike ne da rubuce-rubucen malamai, ba ya gaya maka ko akwai ruwa a ɗakin kwanan 'yan mata.

Yanzu na zo inda nake roƙon ku ba ni kunnuwanku sosai, domin nan ne ake yin asarar da ba ta gyaruwa. Kafin a yi maganar suna ko kuɗi, akwai maganar amincewar hukuma. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ba jami'a kawai take ba izini ba, kowane kwas sai ta tantance shi daban, ta ba shi cikakkiyar amincewa, ko ta wucin gadi, ko ta hana. Bayan ita kuma kowace sana'a tana da majalisarta: ta likitoci, ta injiniyoyi, ta masu haɗa magunguna, ta ma'aikatan jinya, ta ilmin lauya. Wasu daga cikin waɗannan suna yanka wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka a shekara. In makaranta ta yi haɗama ta wuce adadi, yaran za su gama karatu su tarar ƙofa a rufe. Cikin 2023 majalisar ilmin lauya ta dakatar da wata jami'a mai tsada a Abuja daga ɗaukar ɗaliban wannan fanni, saboda an yanka mata 50 a shekara ta riƙa wuce haka, har waɗanda suka gama suka taru suna jiran gurbi a makarantar horon lauyoyi. Iyayen yaran nan ba talakawa ba ne, ba kuma jahilai ba ne. Tambaya ɗaya ce ba a yi ba a ranar biyan kuɗi. Haka kuma tun 2017 duk gurbin da bai bi ta na'urar JAMB ba, ba gurbi ba ne, yaro zai iya shekara huɗu yana karatu a ƙarshe sunansa ya ƙi fita a tafiya hidimar ƙasa.

Kada kuma a ɗauka tsada ce kaɗai ke ruɗi. Araha ma tana yi, Hausawa kuwa sun ce araha ba ta ado. A ƙarshen Disamba 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga rahoton wakilinta Umar Audu, wanda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako 6 ba tare da ya zauna a aji ba, har ya shiga hidimar ƙasa da shi. Ranar 2 ga Janairu 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Cikin Agusta na shekarar ministan ilmi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce an gano takardun bogi fiye da 22,000, ya kuma ce jami'o'i 8 kaɗai gwamnati ta sani a ƙasashen biyu. Ba duk wanda ya je can ne ya sayi takarda ba. Akwai yaran da suka zauna suka yi karatu tsakaninsu da Allah, iyayensu sun kai su ne don an ce musu babu yajin aiki kuma shekara uku an gama. Igiya ɗaya ta ɗaure su da masu saye. Mu da ke riƙe da fayiloli mun san irin kallon da mutum ke yi maka idan ka ce masa takardarsa ba ta karɓuwa.

Sai in yi wa makarantu masu zaman kansu adalci, domin akwai abu ɗaya da suke sayarwa wanda ba ƙarya a cikinsa, shi ne lokaci. Cikin 2013 malaman jami'o'in gwamnati sun yi yajin aiki fiye da wata 5. Cikin 2020 sun yi wata 9, ga kuma kullen annobar korona. Cikin 2022 an rufe daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata 8 cif. Ba na nan don in raba gardama tsakanin ASUU da gwamnati, akwai 'yan ƙungiyar a cikinmu, ba na kuma son a hana ni shinkafar rana. Amma yaran da suka shiga kwas na shekara huɗu cikin 2019, da yawansu ba su fita ba sai cikin 2024. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya gama digiri bayan ya haura shekara 30 ba ya tafiya hidimar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Bankuna da manyan kamfanoni sukan sa iyakar shekara 26 ko 27 ga sababbin ɗauka. 'Ya mace kuwa kowa ya san irin matsin da ke tasowa a gida in karatu ya ƙi ƙarewa, sau da yawa ma karatun ne ke sha kashi. Saboda haka wanda Allah ya hore wa, ya ce shi zai sayi lokaci, ban ga laifinsa ba. Sai dai ya san abin da ya saya ke nan, ya kuma tabbata zai iya biya har ƙarshe.

Wannan kalma ta har ƙarshe ita ce ke kayar da mutane. Yawancinmu kuɗin shekarar farko muke lissafawa. Mu ɗauka ma'aikaci yana karɓar naira 200,000 a wata, wato miliyan 2 da dubu 400 a shekara, kusan ninki uku ke nan na mafi ƙarancin albashi da aka mayar naira 70,000 cikin 2024. Mu ɗauka kuma makaranta tana karɓar miliyan 2 a shekara. Shekarar farko zai iya, in ya kwashe adashi ya karɓi bashin ƙungiyar ma'aikata. Shekara ta biyu bashin farko bai ƙare ba, makaranta kuma ta yi ƙari. Ba a sa abinci da kuɗin mota da kwamfuta da kuɗin aikin bincike na shekarar ƙarshe ba. In likitanci ne shekara 6 za a yi ana wannan. Na san gidan da aka cire yaro yana aji uku don kuɗi sun yanke, aka dawo da shi ya sake zana JAMB yana da shekara 23. An yi ba a yi ba ke nan. Da tun farko an kai shi inda za a iya, da yanzu yana karɓar albashi.

Masu kai 'ya'ya waje nasu ya fi haka haɗari, domin albashinsu da naira ne, bashinsu da dala. Kafin Yuni 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 ce, iyaye kuma suna cike fom a banki su samu a wannan farashi. Zuwa Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Wato makarantar da ke karɓar dala 5,000 ta tashi daga naira miliyan 2 da dubu 300 ta koma miliyan 7 da rabi, ba tare da ta ƙara ko sisi ba. Cikin 2024 an ji yadda Jami'ar Teesside ta Ingila ta dakatar da wasu ɗalibai 'yan Nijeriya da suka kasa biya a kan lokaci. Ga kuma abin da ba ya cikin lissafin kowa. Yaƙi ya ɓarke a Yukren cikin Fabrairu 2022, ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, muka ga yaranmu, da yawansu 'yan mata masu karatun likita a Khartum, sun yi kwanaki a kan iyakar Masar suna jiran a kwaso su. Wanda ya gama likitanci a waje lafiya lau ma, sai ya ci jarrabawar majalisar likitoci a nan gida kafin a bar shi ya taɓa mara lafiya. Ba na hana kowa fita. In yaro ya sami tallafin karatu cikakke, ko fannin da yake so babu shi a gida, ya tafi da albarka. Amma a fita don kawai a ce ɗan wane yana waje, wannan kallon kitse ne ake yi wa rogo.

Akwai kuma tambayar da ba a son yi a fili: wa ke biyan kuɗin nan a zahiri? Uba yana cewa ni na biya, amma in ka shiga gidan sai ka ga ƙannen yaron ne suka biya. An ɗauke su daga makarantar da suke an mayar da su wadda ba ta kai ta ba. An ce wa 'yar da ta fi shi ƙoƙari ta haƙura tukuna, tukunan kuma ba ta zuwa. An sayar da sarƙar uwar gida. Mutum yana da 'ya'ya shida ya juye rumbu a kan ɗaya, da fatan in ya gama zai ɗauki sauran, alhali shi ma in ya gama mataki na 8 zai shiga, in ma an samu aikin. Shi kansa yaron an aza masa kayan da ya fi ƙarfinsa, kullum ana tuna masa abin da aka kashe, in ya faɗi darasi ɗaya sai ya ɓoye, in ma fannin ba ya sonsa ba shi da bakin faɗi.

Ga mu ma'aikatan gwamnati akwai wani haɗari na dabam, zan kuwa faɗe shi ko da ba zai yi daɗin ji ba. Mutumin da ya ɗauki Dala ba gammo, ranar biyan kuɗi ta matso, makaranta tana aiko da saƙo, yaro yana kuka a waya, shi ne wanda idonsa ke fara sauka a kan abin da ba nasa ba. Ba duk wanda ya taɓa dukiyar jama'a ne ya tashi da niyyar sata ba. Wasu alkawari suka ɗauka wanda albashinsu bai kai ba, don kada a ce ɗan wane ya fi nasu. Idan muka zauna a wurin ɗaurin aure ana tambayar ina yaronka yake karatu, mu lura da irin fuskar da muke yi wa wanda ya ce kwalejin ilmi. Da wannan fuskar muke tura junanmu rami.

Su ma na gwamnatin yanzu ba kyauta ba ne. Cikin 2021 an ƙara kuɗin Jami'ar Jihar Kaduna zuwa naira 150,000 da sama, kafin a rage cikin 2023. A shekarar 2023 ɗin jami'o'in tarayya da dama, har da Bayero, sun ninka kuɗin rajista, a daidai lokacin da aka janye tallafin man fetur. Ɗakunan kwana ba sa isa, haya a unguwannin da ke kewaye da jami'a kuwa wani lokaci ta fi kuɗin makarantar. Saboda haka kusanci da gida ma kuɗi ne, a sa shi cikin lissafi. Haka tsaro. Cikin 2021 an sace ɗalibai a Jami'ar Greenfield mai zaman kanta a hanyar Kaduna zuwa Abuja, cikin 2023 kuma aka sace na Jami'ar Tarayya ta Gusau a gidajen haya da ke wajen makaranta. Ba a gane tsaro daga takardar talla, sai an je an gani, zuwa da kai kuwa ya fi saƙo. Abin da ya ɗan kawo sauƙi shi ne asusun ba ɗalibai rance na NELFUND da ya fara aiki cikin Mayu 2024. Babu ruwa a cikinsa, na ɗaliban makarantun gwamnati ne kawai, ana fara biya shekara 2 bayan hidimar ƙasa. Bashi ne dai, a gaya wa yaro haka tun farko, amma ya fi a bar karatu.

Kada mu manta jami'a ba ita kaɗai ce hanya ba. Mai takardar NCE ko difloma mai kyau yana shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, wasu kuma suna aiki suna biya wa kansu. Yarinyar da ta yi makarantar jinya ko ungozoma sau da yawa tana riga mai digiri samun aiki. Malaman da ke zaune a gabanmu, da yawansu ta kwalejin horon malamai suka bi, ga shi kuwa sun yaye likitoci da alƙalai da manyan sakatarori.

Shugaba, ina da roƙo ga wannan ƙungiya. A cikinmu akwai malaman jami'a da na kwalejin kimiyya da fasaha, akwai likitoci da lauyoyi da injiniyoyi, kowannensu ya san gaskiyar sashen da ya fito fiye da kowace takardar talla. Amma yaran aji shida na makarantar nan suna cike fom ɗin JAMB ne a shagon kwamfuta, mai shago ne ke zaɓa musu jami'a da kwas. Ina ba da shawara a kafa ɗan ƙaramin kwamiti da zai riƙa zuwa kowace shekara kafin a fara sayar da fom, ya zauna da 'yan aji biyar da shida tare da iyayensu, a tafi da jerin kwasa-kwasan da hukuma ta amince da su, da makin da kowane sashe ya karɓa bara, da kuɗin da za a kashe daga shiga har fita. A kuma ware wani abu daga kuɗin da muke tarawa don sayen fom da biyan rajistar shekarar farko ga yara biyar ko goma da shugaban makaranta zai zaɓo mana. Ni na sa sunana a farkon takarda, na kuma ɗauki nauyin tattaro bayanan da suka shafi ɗaukar aiki. Takardar tana wurin sakatare, duk mai sha'awa ya same shi kafin a tashi.